Almakashin Minista

Ranar Talata Ministan Raya Yankuna ya sa hannu a dokar miƙa iko ga yankuna. Ranar Laraba ya gano cewa har da yanka ƙyallen buɗe ayyuka ya miƙa.

Shi kuwa duk aikin minista ba abin da yake so kamar wannan. Almakashinsa ma na kansa ne, mai baƙin mariƙi, gadon marigayiya matarsa, wadda tela ce. Tun suna gidan haya take ƙwace shi in ya taɓa.

"Ajiye, Maigida. Kai ko takarda ba ka iya yankawa a miƙe ba."

Buki ɗaya ya rage masa a rai: buɗe gadar garinsu, wadda matarsa ta yi ta masa gori a kanta har ta koma ga Allah. Ya sa ran wannan dai za a bar masa. Ya yi ta gwaji da labulen ofis, har sai da masinja ya kwashe sauran ya ɓoye.

Ran bukin, Shugaban Yanki ya tarbe shi da fara'a.

"Ranka ya daɗe, bisa dokarka, ni zan yanka."

"Dokata?"

"Taka. Har hotonka muka rataye saboda ita."

Shugaban ƙaramar hukuma ya matso. "Yallaɓai, cewa aka yi iko ya sauko ƙasa. Ba a ce ya yada zango a wurinka ba."

Kansila ya ce ai a mazaɓarsa gadar take. Kansilan tsallaken gadar ya ce rabinta dai. Shugaban direbobi ya tambaya, su wa za su riƙa hawa?

Ana cikin haka sandar da aka ɗaura ƙyallen a jikinta ta faɗi, aka roƙi Minista ya taimaka ya riƙe bakin. Ya riƙe. Suka afka wa ƙyallen gaba ɗaya, mai reza, mai wuƙa, kansilan tsallake da haƙori. Ɗan jarida ya miƙo makirufo, Minista ya ce lallai iko ya isa ga jama'a.

A mota ya buɗe hannunsa. Guntun da ya rage masa bai kai tafin hannu ba, bakinsa kamar ɓera ya ci. Ya zaro almakashin, ya riƙe numfashi, ya datse.

Ya fita tsaf.

Ya juya ga kujerar da ke gefensa, bakinsa a buɗe. Direba ya leƙo ta madubi.

"Magana kake, ranka ya daɗe?"

"Tuƙa."

Abin da ya so faɗa ba shi da yawa: "Kin gani? A miƙe."