Fuskar Kwamfutar Baba

Tun ina ƙarama Baba yake da doka ɗaya a gidanmu na garin Duluth: ba a saka wa kwamfuta manhajar da masu ita suka ɓoye yadda aka rubuta ta. Sai wadda lasisinta ya yarje wa kowa ya duba, ya gyara, ya raba. Yana cikin waɗanda suka rubuta fuskar kwamfutar da yake amfani da ita, wato tagogi da maɓallan da mutum ke gani in ya kunna. Yana ji da ita kamar 'yar cikinsa.

Bayan ya yi ritaya idonsa ya fara rauni. Ba ya iya karatu sai da manhajar ƙara girman rubutu, ita kuwa duk sabuntawar da aka yi sai ta lalace. Masu kula da ita 'yan sa-kai ne, yawancinsu sun watse. Kowace Asabar nakan tuƙo mota daga birnin Minneapolis in gyara, mako bai ƙarewa ta sake tsayawa.

Ran nan na same shi zaune gaban allon da ya daskare, kofinsa ya huce, dusar ƙanƙara ta toshe ƙofar gareji.

Na ce, "Baba, na gaji. Akwai wata fuskar da ba ta wannan halin. Ita muke amfani da ita a wurin aiki."

"Na san ta, Maren. Akwai rufaffen abu a cikinta."

"Ɗan guntu ne fa."

"Da ɗan guntu ake farawa."

"To tunda taka a buɗe take, gyara mana."

Ya yi 'yar dariya. "Da wane idon?"

Can ya ce ƙanwarsa Solveig ta turo hoton sabon jikanta, ta kira tana tambaya ko ya ga kamannin, shi kuma ya ce mata eh, alhali bai iya ganin hoton ba.

Ya murza goshi ya ce, "Saka. Amma kar ki goge tawa, bar ta a gefe."

Ya ɗauki shebur ya fita kwashe ƙanƙara don kada a yi a gabansa. Da na zo wurin amincewa da lasisi, na leƙa taga na kira shi.

Bai ɗago ba ya ce, "Ke ki danna."

Na danna. Da ya shigo na buɗe masa hoton, na ƙara girmansa har kuncin jaririn ya cika allo. Ya daɗe yana kallo.

"Kunnen gidanmu ya ɗauko, Allah sarki," in ji shi.

Har lokacin sanyi ya wuce, sabuwar ba ta tsaya ko sau ɗaya ba, shi kuma bai taɓa yaba mata ba. Da ita yake zama da safe yana rubuta wa ragowar 'yan sa-kan bayanin inda tasu ke lalacewa, dalla-dalla, da manyan haruffa. Har yanzu ba wanda ya amsa masa.