Daƙiƙa Takwas a Ɗakin Injin

Shekara talatin da huɗu Baba Injin ya yi yana kula da injin tura ruwa na tsohon gidan famfo, kuma a duk tsawon shekarun nan babu wanda ya taɓa ɗaukarsa hoto a bakin aikinsa. Hotunan waya kam akwai su birjik. Jikoki sun ɗauke shi yana cin abinci, sun ɗauke shi yana gyangyaɗi, har da wani da ake yawo da shi a cikin dangi yana tsakiyar atishawa. Amma a wurinsa hoton waya ba hoto ba ne, ranar da wayar ta faɗa ruwa kai ma ka faɗa. Abin da ransa ke so shi ne hoto na takarda, cikin gilashi, rataye a bango: ga injin, ga shi tsaye a gefensa. Bai taɓa gaya wa kowa ba. Ina zai iya? Dattijon da ya aurar da 'ya'ya huɗu ya buɗe baki ya ce a ɗauke shi hoto?

Da can yana ganin akwai lokaci. Sai ga takarda daga ofis: an gama sabuwar tasha a bayan gari, mai aiki da maɓalli, ranar Litinin da safe za a kashe tsohon injin a garƙame ɗakin.

To, Baba Injin yana da suruki mai hoto, mijin Auta, ƙaramar 'yarsa. Sai dai mai hoton irin na ban haushi ne, ba ya ɗaukar mutane. Kwalbati yake ɗauka, da tankin ruwa, da falwaya, da murfin kwata, da tsofaffin gadoji. Yakan yi awa guda a durƙushe gaban lambatu yana jiran inuwa ta gyaru. In an tambaye shi dalili sai ya ce shi abubuwan da ke wa mutane aiki ba a ce musu sannu yake bi. Baba Injin ne da kansa ya laƙaba masa suna Mai Kwalbati, sunan kuma ya bi shi har 'ya'yansa na amsawa a makaranta.

Ranar Juma'a Auta ta bugo waya.

"Baba, wai ya ce in roƙe ka, ko za ka bari ya zo ranar Lahadi ya ɗauki injin kafin a rufe."

"In ya ga dama ya zo," in ji Baba Injin, kamar wanda aka tambaya ko za a share tsakar gida. Yana ajiye wayar ya tafi kasuwa ya sayo gwangwanin koren fenti da buroshi. Bai kai ga buɗewa ba Auta ta sake bugowa.

"Baba, ya ce don Allah kada a taɓa komai. Kada a yi fenti, kada a yi shara. Yadda yake haka yake sonsa."

Baba Injin ya tura gwangwanin ƙarƙashin benci yana tsaki. Amma dai an ce kada a taɓa injin, ba a ce kada a taɓa mai injin ba. Ranar Asabar ya je wurin mai aski. Ranar Lahadi ya fito da farar rigar da ba ya sa ta sai da babban dalili. Inna, matarsa, ta dube shi tun daga hula har takalmi.

"Malam, farar riga a ɗakin baƙin mai? Wa ya haihu?"

"Sauran duk suna wanki."

"Ni na wanke su, ni na goge su, suna cikin akwati."

"To ban gan su ba," ya ce, ya yi waje kafin ta je ta nuna masa.

Ɗakin injin dogo ne, duhu-duhu, da taga ɗaya tak can sama wadda rana ba ta leƙo ta sai bayan azahar. A tsakiya injin yake, baƙi wuluk, da wata ƙatuwar ƙafa mai juyawa wadda ta fi mutum tsawo, bel na bin ta yana fat-fat-fat. Farantin tagulla da aka rubuta sunan masu ƙera shi ya shafe saboda guga, ba a iya karanta ko harafi ɗaya. A simintin ƙasa kuwa akwai wani ɗan kwari da ya zagaye injin, hanyar da ƙafar Baba Injin ta ci daga wurin zuba mai zuwa bawul ɗin buɗe ruwa, daga bawul zuwa agogon matsin ruwa.

Mai Kwalbati ya iso da jaka da ƙafa-uku ta kafa kyamara. Ya durƙusa ya gaida surukinsa, ya miƙe, ya ga injin, sai ya manta da duniya. Ya fara da butar mai. Butar mai! Wata lanƙwasasshiyar aba da Baba Injin ya yi niyyar ɓoyewa. Daga nan ya ɗauki tsummokaran da ke rataye a ƙusa, ya ɗauki sifana, ya kwanta rub-da-ciki ya ɗauki kwarin siminti. Baba Injin yana gefe yana kallo, yana cewa a ransa: Allah ya ba Auta haƙuri.

Can dai aka kafa ƙafa-uku ana fuskantar injin gaba ɗaya. Baba Injin ya gyara hula, ya taka a hankali ya tsaya daidai gefen babbar ƙafar, ya ɗan turo ƙirji, ya kafa ido a bango kamar mai tunanin al'amuran ƙasa.

Kyamara ba ta yi ƙyas ba. Mai Kwalbati ya ciro ƙyalle yana goge gilashin kyamara. Ya goge, ya hura, ya sake gogewa. Baba Injin ya ce a ransa, yaron nan akwai nawa. Ya ƙara turo ƙirji.

Mai Kwalbati ya ɗauki ƙafa-uku ya koma ta hagu. Nan take Baba Injin ya tuna akwai wani noti ta hagun da yake son dubawa. Ya je ya dafa shi da yatsa biyu, ya tsaya. Mai Kwalbati ya koma ta dama. Ashe ta daman ma akwai noti. Haka suka yi ta zagaya injin, suruki da suruki, kowa na jin nauyin kowa.

Ana cikin haka wani mai wucewa ya yi sallama daga waje yana tambayar hanya. Baba Injin ya fita ya nuna masa. Bai rufe baki ba ya ji daga cikin ɗakin: ƙyas. Jim kaɗan kuma, ƙyas.

Sai a lokacin ya gane. Ashe ba nawa ba ce, jira ake yi ya kauce. Duk tsayuwar nan da ya sha, shi ne abin da ya tare wa yaron hoto, kunya ce ta hana a ce masa ya matsa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ya kuma ji kunya irin wadda bai ji ba tun yana saurayi. Bai koma ciki ba. Ya zauna a bencin ƙofa, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

A nan Auta ta same shi, ta zo da kular abinci. Ta dubi askin, ta dubi farar rigar, ta dubi fuskar. Labarin zuciya a tambayi fuska, balle 'yar auta da ta san uban kamar yunwar cikinta.

"Baba, ka yi kyau yau."

"Sauran suna wanki."

Ta ajiye kular ta shige ciki. Baba Injin ya ji ƙus-ƙus, sannan ya ji muryar Mai Kwalbati ta ɗan ɗaga: "Subhanallahi! Me ya sa ba ki gaya mini tun farko ba?" Sai kuma aka ce masa shiii.

Mai Kwalbati ya fito ya tsuguna a gabansa yana sosa ƙeya.

"Baba, na sami matsala. Injin nan a hoto ba a gane girmansa. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka keken ɗinki ne."

"Keken ɗinki?" Baba Injin ya ɗago. "Injin da ke kai ruwa har unguwar kan tudu?"

"Shi ya sa, Baba. Ina bukatar mutum ya tsaya a gefensa, don ma'auni kawai."

"Ga matarka nan."

"Ai gajera ce, Baba. Sai a ce mun yi ƙarya."

Baba Injin ya yi ɗan jim, don kada a ce ya yi saurin yarda. Sannan ya mai da hula. "To, in don ma'auni ne. Ni ba na son hotuna."

Da suka shiga, Mai Kwalbati ya yi masa bayani. Ɗakin ba haske, don haka kyamarar sai ta buɗe ido har daƙiƙa takwas tana tara ɗan hasken tagar. Duk abin da ya motsa a cikin daƙiƙa takwas ɗin nan zai fito kamar hayaƙi.

"Takwas kawai?" in ji Baba Injin. "Ni da na yi shekara talatin da huɗu a tsaye a nan?"

Ya tsaya, ya kalli kyamara. Auta na ƙirga. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ana biyar bel ya yi wani ɗan ƙiii da babu wanda ya ji sai shi. Kafin ya san abin da yake yi kansa ya juya.

"Baba!"

"Bel ne. A sake."

Aka sake. Wannan karon ɗigon mai ne ya makara. Na uku allurar agogo ta yi rawa, ya hango ta ta wutsiyar ido. Na huɗu babu abin da ya faru, shi ya sa ma ya juya ya ga me ya sa babu abin da ya faru. Auta ta yi dariya har ta dafa bango. Sabo turken wawa, in ji masu magana, shi kuwa nasa turken ƙarfe ne mai nauyin tan shida.

A karo na shida Mai Kwalbati ya dubi tagar, hasken ya fara hawa bango. Ya ce cikin ladabi, "Baba, ko za a ɗan kashe shi? Minti ɗaya ya isa."

Baba Injin ya dube shi kamar ya zagi wani nasa.

"Ka san ƙarfe nawa yanzu? Yanzu ne ruwa ke isa kan tudu. Mata na can sun jera bokitai. In na kashe shi minti ɗaya iska ta shiga bututu, sai sun yi awa guda suna murɗa famfo yana musu tari." Ya ɗauki tsumma ya goge wurin da ba ya bukatar guga. "Gobe wasu za su kashe shi. Ba da hannuna ba."

Auta ta daina dariya.

Aka yi na bakwai, aka yi na takwas. Hannun farar riga ya riga ya sha baƙin mai har gwiwar hannu. Hasken tagar ya rage kamar faɗin tafin hannu. Mai Kwalbati ya ce wannan shi ne na ƙarshe, ya danna. Ko ɗaya Auta ba ta gama ƙirgawa ba injin ya sauya murya, wani ɗan gurnani daga can ciki. Baba Injin ya juya gaba ɗaya, ya ba kyamara baya, ya ɗora tafin hannu a jikin ƙarfen, ya kara kunne. Ya tsaya cak yana saurare, ko numfashin kirki ba ya yi, har gurnanin ya wuce. Da ya juyo, rana ta bar tagar.

Washegari da safe aka kashe injin. Baba Injin ya miƙa makulli ya dawo gida. Kwana goma ya yi yana zaune a tsakar gida, ya ba kowa baya, yana kallon bango, in an yi masa magana ya amsa da ka.

A kwana na sha ɗaya Auta da mijinta suka zo da wani abu naɗe a takarda. Hoto ne babba, cikin gilashi. Ga injin nan, kowane noti ya fito ƙarara, babbar ƙafar ta zama da'irar hayaƙi saboda juyi. A gefensa ga mutum cikin farar riga mai tabon mai, ya fito tsaf, har jijiyoyin bayan hannunsa ana gani. Sai dai ƙeya ce.

"Sauran takwas ɗin, Baba, duk babu kai a jiki," in ji Mai Kwalbati, murya ƙasa-ƙasa. "Wannan kaɗai ka tsaya."

Baba Injin ya daɗe yana kallo. Hoton ya yi kyau, ya sani, amma ransa ya ɓaci. Damar guda ɗaya ce, ga abin da ya yi da ita.

"Duk askin nan," ya ce. "Ko fuskata ba a gani."

Inna ta karɓi hoton ta riƙe shi nesa da ido, yadda take yi in za ta zura zare.

"Wannan ne hotonka na farko da ya yi kama da kai," ta ce. "Shekara nawa ina kai maka abinci ɗakin nan? Kullum abin da nake tararwa ke nan, ƙeya da hannu. Fuskar ai ba mu ke ganinta ba, Malam, injin ke gani."

Ta jingina hoton a bango, ta zauna a kujerar da ke bayansa.

"To ga shi an kashe shi. Sai ka juyo mu ma mu gani."

Baba Injin ya kama kujerarsa da hannu biyu, ya juyo da ita.