Akwatin Gawar Damisa

Shekara arba'in da ɗaya Doña Fidelina ta yi a Santiago, amma ko sau ɗaya rawayen kaya bai taɓa hawa jikinta ba. A garin da jariri ma ake ɗora wa rawayar hular Mikiya, ƙungiyar ƙwallon garin, kafin ya buɗe ido, ita 'yar Licey ce, Damisun babban birni masu shuɗin kaya. Haka ta zo daga Santo Domingo tana amarya, haka ta yi furfura. Mijinta Anselmo kafinta ne, mutum mai sanyin hali, amma ɗan Mikiya ne, in aka zo maganar ƙwallon besbol sai ka rantse wani aka sauya.

Shi ya ƙera akwatin. Ɗan ƙarami ne, tsawon hannu biyu, ya shafe shi da shuɗin fenti. Duk shekarar da aka fitar da Licey daga gasa, washegari da la'asar sai mutanen layi su kwantar da damisar tsumma a ciki, maza huɗu su saɓa a kafaɗa, ana ganga, mata na kukan ƙarya suna birgima. Anselmo ne kullum a kusurwar gaba ta hagu. Su zaga layin sau biyu, su tsaya a ƙofar gidansa, don nan kaɗai ne gidan makoki a duk unguwar. Fidelina ta fito cikin shuɗiyar rigarta ta sheƙa musu bokitin ruwa, ta zage su tas, sannan ta kawo kofi. Shekarar da Mikiya ta faɗi kuwa, ita kaɗai take bikinta. Ta fige kaza, ta rataye gashin a ƙofar shagon Don Nicanor, ta aika wa kowa romo.

A watan Yuni Anselmo ya rasu. An yi masa jana'iza ta gaske, da akwati na gaske wanda wani ya ƙera, bai ma iya goge kusurwa ba. Fidelina ba ta yi kuka ba. Ta nema, ta rasa. Tun daga ranar mutanen layi suka fara yi mata magana a hankali, kamar mai ciwon kai.

Yanzu Janairu ne, kuma jiya aka fitar da Licey. Ta ji a rediyo har jifa na ƙarshe, ta kashe, ta goge shuɗiyar rigar, ta cika bokiti ta ajiye bayan ƙofa. Da safe 'yarta Yocasta ta kira daga babban birni.

"Mama, ɗakin nan a share yake. Me kike jira a can? Nan kowa naki ne, har direban bas ɗan Licey ne. Gobe mijina Wilfredo zai zo da mota."

"Bari in ga yammacin yau tukuna," in ji ta. Ba ta faɗa wa 'yar ba, amma ta riga ta yanke a ranta: in mutanen layi ba su zo da akwatin ba, to sun binne ta tare da Anselmo, gara ta tafi.

Bayan ta ci dakakkiyar ayabarta, ta zauna a kujerar lilo a baranda. Rana ta kwanta a kan kwanon gidaje, iska na kawo ƙamshin kofin wani gida. Idonta ya yi nauyi. Can nesa ta ji ganga, ƙasa-ƙasa, kamar daga cikin rijiya. Layin ya fara cika da rawaya, yana tahowa sannu a hankali, mutane ba sa taka ƙasa sosai. Ga Anselmo a gaba, garin katako a gashinsa, yana wannan kukan ƙarya nasa mai kama da na jaki, yana kashe mata ido ta ƙasan akwati. Bayansa kuma teku ne, tekun garin da aka haife ta, ya biyo shi har tsakiyar tsaunuka, shuɗi shar, yana lasar ƙafafun masu ganga. Ta miƙa hannu za ta ɗauki bokiti.

Ta farka da hannunta a miƙe. Ba kowa a layin sai wani kare da babur ɗaya da ya wuce. Agogo ya ce biyar saura kwata. Tomasa maƙwabciyarta, wadda ta fi kowa iya birgima a wajen makokin, ta leƙo ta kan katanga, ta ce da muryar asibiti, "Sannu, Doña. Allah ya ba da haƙuri. Baɗi ma shekara ce."

Haƙuri! Daga bakin Tomasa, wadda ta taɓa ɗinka wa karenta shuɗiyar riga don kawai ta ɓata mata rai. Wannan kalmar ta fi duk zagin shekara arba'in ciwo. Fidelina ta ji kaɗaici ya danne ta, sai kuma ta ji haushi, haushin kuwa ya fi ƙarfi.

Ta buɗe ɗakin aikin Anselmo, wanda ba ta shiga ba tun Yuni. Ƙamshin katako na nan yadda ya bar shi. Akwatin yana saman kanta, damisar tsumma a ciki, ido ɗaya ya cire. Ta sauko da shi da ƙyar, ta ja shi a ƙasa har shagon Don Nicanor, yana ƙara ƙiii a kan kwalta.

Mazan suna zaune suna wasan domino, kowa da rawayar hularsa, rediyo a kashe saboda ita. Suka miƙe tsaye suna cire huluna.

"Ku mai da hulunanku, matsorata," ta ce tana haki. "Kun ci mu, ko ba ku ci mu ba?"

"Doña, mun ga kamar bana bai dace ba," in ji Nicanor yana kallon takalminsa. "Saboda marigayi."

"Marigayi ya mutu, ni na mutu ne? Da Mikiyarku ce ta faɗi, wallahi da yanzu gashin kaza na lilo a ƙofar nan. Kai Nicanor, da wannan tumbin naka kamar tukunyar biki, tausayina kake ji? Tashi ka ɗauki gawa!"

Wani ya tuntsire da dariya, ya toshe baki. Nicanor ya dube ta, idonsa ya yi ja.

"Shekara arba'in muna ciyar da ke, ba ki koyi ƙwallo ba," ya ce a hankali, kamar mai gwada ƙafa a ruwa. "Damisar taku ma kyanwa ce."

"Yauwa," in ji ta. "Yanzu ka yi magana."

Kafin minti goma an fito da ganga. Maza uku suka saɓa akwatin, ya karkace, don kusurwar gaba ta hagu ba kowa. Suka tsaya suna kallon juna. Ba wanda ya iya matsawa wurin. Fidelina ta gyara shuɗiyar rigarta, ta sa kafaɗa. Katakon ya ɗan lotsa a daidai nan, ya yi santsi, inda kafaɗarsa ta goge shi shekara da shekaru.

Aka buga ganga, mata suka ɓarke da kukan ƙarya, Tomasa ta zube ƙasa tana ihun "Wayyo Damisa, kin tafi kin bar mu!" A tsakiyar wannan shirmen ne kukan da Fidelina ta nema a watan Yuni ya zo mata, gaba ɗayansa, tana tafe tana shessheƙa, kumatunta a jikin shuɗin fenti. Tomasa ta ɗago ta gan ta, ta gane sarai, amma ta nuna ta da yatsa.

"Ku dubi 'yar Licey! Ta ji jiki! Kuka take da hawaye!"

"Rufe min baki, ƙazama," in ji Fidelina cikin kuka. "In mun isa gida ki shiga ki ɗora kofi. Bokitin kuma kar ki taɓa shi, nawa ne."