Wayar da Ba Ta San Cikinta Ba

"Inna, ke ce kike ƙarya ko wayar?"

Shahida ce ta yi tambayar, da muryar 'yar shekara shida wadda ba ta san a rage ba, a tsakiyar rumfar Yaaba Lassane, gaban matan gidan haya gaba ɗaya. Uwarta Mamunatu ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Tun da taransifomar layinsu ta ƙone a farkon zafi, wannan ɓangare na Zango ya manta da kuran, wato wutar lantarki. A gidansu, Yaaba Lassane, tsoho ɗan Mosi mai gidan, shi kaɗai ke da faifan sola a kan rufi, kuma bakin caji biyu ne. Don gudun faɗa ya kafa doka: kowa ya nuna lambar da ke goshin wayarsa, mai ƙaramar lamba shi ne gaba, kuma da waya ta kai rabi a zare ta a ba na baya.

To, Mamunatu ta ce tata na gab da mutuwa. Wayar kuwa ta ce arba'in da shida.

"Mai arba'in da shida ai Hajiya ce," in ji Rokia mai sayar da dege, haɗin gero da nono, tana kaɗa tata a sama. "Ni sha ɗaya. Ko 'yarki ma ta gane ki."

"Wallahi haka take yi mini, Yaaba. Tana cikin arba'in sai ta ɗauke."

Tsohon ya kawo wayar kusa da idonsa, ya mayar mata. "Ɗiyata, ni lamba nake gani. In na karya doka don ke, gobe kowa da nasa labarin."

Ba ta ja ba. Ba ta da ƙarfin ja. Tun asuba take kan ƙafa, ta ɗebo ruwa a famfon bakin titi, ta wanke, ta dafa, kuma rabin hankalinta na kan Shahida, wadda aka haifa da sikila. Lokacin zafi ciwon ya fi tashi. Mijinta Sayibu direban babbar mota ne, yana hanyar Lome, abin da ya bar mata shi ne waya da magana ɗaya: in yarinya ta fara, ki kira Ubaidullah. Ƙaninsa ke nan, mai gyaran waya a unguwar Gounghin, mai moto, wato babur.

Bayan azahar Shahida ta daina wasa. Ta kwanta a tabarma ta naɗe ƙafafu, ta ce, "Inna, ƙashina." Mamunatu ta ba ta ruwa, ta ba ta ƙwayar da likita ya rubuta, ta shafa mata gwiwa. Kukan ya canja, ya koma irin wanda ta sani.

Ta ɗauki waya. Arba'in da ɗaya. Ta danna sunan Ubaidullah, ta ji ta shiga sau ɗaya, sannan fuskar wayar ta yi baƙi. Ta danna maɓalli har yatsanta ya yi zafi. Shiru.

Rokia ce ta fara leƙowa, babu sauran tsokana a bakinta. "Ungo tawa, faɗi lambarsa."

Mamunatu ba ta taɓa haddace ta ba. Lambar na cikin wayar da ta mutu. Ta Sayibu ma haka.

Ta goya yarinyar da ta fi ƙarfin goyo, ƙafafunta na dukan cinyoyinta, ta nufi ƙofa. A zaure ta tarar da Yaaba Lassane yana ta fama da tsohuwar motonsa wadda ta daɗe jingine da bango. Ya sake taka ta. Da moton ta tashi, ya nuna wa Mamunatu mazaunin baya da haɓa.

A asibitin unguwa aka sa wa Shahida ƙarin ruwa da allura. Sai da numfashinta ya daidaita Mamunatu ta roƙi wata nas ta soka mata waya a bango. Wayar ta farfaɗo ta ce biyu. Kafin ta gyara ɗaurin zane ta ce talatin da takwas. Mamunatu ta dube ta kamar yadda ake duban wanda ya ci amana kuma ya dawo yana gaisuwa.

Da ta kira shi, Ubaidullah ya iso da gumi, ya leƙa yarinyar, sannan ya karɓi wayar ya juya ta.

"Matar yaya, tun yaushe rabon ta cika?"

"Ina za ta cika? Da ta kai rabi ake zarewa."

"Ta mutu da kanta fa, a bar ta ta ƙare?"

"Ni da nake lallaɓa ta kamar ƙwai?"

Ya zauna a bakin benci. "Kin ga, waya ba ta leƙa cikin batir. Kamar mai randa ce a ɗaki mai duhu, tana ƙirga moɗar da aka zuba da wadda aka ɗiba, sai ta yi kintace. Kullum ƙirgan na ɗan kaucewa. Ba ta gyara shi sai ta ga randa ta cika fal, ko ta ji moɗa ta taɓa ƙasa. Taki ba ta ga ko ɗaya ba. Ga batirin ya tsufa, zafi ya cinye shi, randar ta ƙanƙance, ita kuwa tana lissafi da ta da. Kira kuma yana jan wuta da ƙarfi, balle inda rezo, wato sabis, ba shi da kyau. Da ta ja, batir ya durƙusa, sai ta kashe kanta."

Yaaba Lassane, wanda ke tsaye riƙe da hularsa, ya ce, "Wato dokata ce ta ruɗa ta."

"Doka da tsufa, Yaaba."

"Tsufa dai," in ji tsohon. "Shi ne ba ya jin magana."

Da suka koma gida Yaaba Lassane ya ware wa wayar Mamunatu bakin caji guda, ya ce kada a taɓa sai ta cika, Rokia kuma ta tsaya gadi. Daga nan lambar ta rage ƙarya, amma gaskiyar ba daɗi: kafin azahar ta gangaro sha wani abu. Sabon batir sai Sayibu ya dawo. Ita dai Mamunatu ta daina dubawa da yarda. Da yamma, tana tsefe wa Shahida kai, sai su riƙa rera lambar Ubaidullah tare, biyu-biyu, da Faransanci kamar karatun lekol, makarantar boko, har yarinyar ta riga ta haddacewa.

Kai mai karatu, in akwai ran da ya rataya a kan wayarka, kada ka jingina da lambar da ke goshinta. Kintace ne. Ka sa lambar mutum ɗaya a kanka tun yau, kafin fuskar ta yi baƙi.