Lasisin 'Yar Kapembwa

Ma'aikaciyar ofishin lasisi ta riga ta ɗaga hatimi, sai ta tsaya tana kallon sunan.

"Kapembwa? Na Kitwe, mai ba mutane shawara kan ajiyar kuɗi?"

"Mahaifina ne," in ji Chisanga, har da gyara zama. "Shi ya koya min aikin."

"To, Allah ya sa ba duka ya koya miki ba. Ai a gabana aka ƙwace lasisinsa, ina jin kina firamare. Kafin nan bankuna biyu sun kore shi, duk a kan kuɗin matan da mazansu suka mutu a ramin tagulla."

Ta buga hatimin, ta miƙo takardar.

Chisanga ba ta san yadda ta kai tashar mota ba. Mutumin da kullum yake fita da kwat da jaka, wanda kujerarsa a coci take sahun gaba! Tun daga Lusaka har gida tambaya ɗaya ke cin ta: da kuɗin wa aka yi mata makaranta?

*

A falo ta tarar da maƙwabciyarsu Bana Musonda, wato uwar Musonda, cikin baƙaƙen kayan takaba, a durƙushe, rungume da ƙullin zani. Kuɗin diyyar mijinta ne a ciki.

"Yauwa, ga ta nan," in ji mahaifin. "An samu?"

"Ba Tata," in ji Chisanga, yadda ake kiran uba a yarensu, "ina son magana da kai a waje."

"Magana ai ba ta ƙarewa. Kawo mu gani."

Ya zare takardar daga hannunta, ya ɗaga ta a gaban matar.

"Kin gani? Kina ta jan ƙafa saboda gulmar 'yan kasuwa. Ga hatimin hukuma, ko bushewa bai yi ba. Da sunan 'yata za a ajiye komai."

Bana Musonda ta juyo a kan gwiwoyinta, tana tafa hannu a hankali.

"'Yata, a bayana kika yi wayo. Tunda ke ce, hankalina ya kwanta. Iyakar abin da marayun nan suke da shi ke nan."

Chisanga ta buɗe baki. A ƙofar kicin mahaifiyarta na tsaye riƙe da muciya. Suka haɗa ido, uwar ta ɗan girgiza kai, ta sunkuyar. Ashe ta sani.

Kafin maganar ta fito, matar ta ɗora mata ƙullin a tafin hannu, da sauran ɗumin jikinta.