Furen Da Ya Bi Igiya

Gilbert Ashworth ya sa bakin almakashi ya tsinke maɓallin wuyan rigarsa, ya jefa shi cikin tsohon gwangwanin shayi inda 'yan'uwansa suke tare, sannan ya tura taga. Iskar teku ta shigo da ƙarnin kifi da ƙamshin burodin man zaitun. Ya maƙala jiƙaƙƙiyar rigar a igiyar shanya, ya fara ja. Ɗan gargaren ƙarfen ya yi kukan da ya saba, rigar ta tafi tana rawa a saman lungu har ta tsaya a gaban tagar maƙwabciyarsa, Sinyora Ornella.

Babu labule a tagar. Babu tukunyar ɗoɗɗoya a bakinta. Daga inda yake tsaye yana hango kwalaye jibge har kusa da rufi, da wani farin wuri a bango inda hoton bikinta ya daɗe a rataye.

Ba wai bai sani ba ne. Tun watan jiya ta gaya masa, daga taga zuwa taga, tana kakkaɓe shimfiɗar tebur: 'yarta Loredana ta haifi tagwaye a Trieste, mijin kuma rabin shekara yana kan jirgin ruwa, don haka za ta tattara ta koma can. Shi kuwa, da duk littattafan soyayyar da ya karanta ya kuma karantar, abin da bakinsa ya iya fitarwa kawai shi ne, "Ai kuwa an ce Trieste gari ne mai kyau." Ta dube shi, ta daɗe tana dubansa, sannan ta ja tagarta.

A wannan lungu na tsohon birnin Genova, gidajen da ke kallon juna igiya ɗaya suke shanya a kai. Haka ya tarar lokacin da ya baro garinsu Hull ya zo koyar da Ingilishi ga ma'aikatan tashar jiragen ruwa, da niyyar shekara ɗaya. Ga shi yanzu furfura ta gama cinye masa kai. Tun a makonsa na farko rigarsa ta tafi babu maɓalli ta dawo da shi a ɗinke, don Ornella tela ce, idonta ba ya iya ganin ɓaraka ya ƙyale. Daga nan sai kwalbar miyar ɗoɗɗoya a cikin jakar yadi. Daga nan sai kiran ranar Lahadi: "Farfesa, taliya ta yi mini yawa, hau ka ci mana!" Shi kuma ya dafa ƙirji ya ce, "Na gode ƙwarai, ba na son in takura miki." Haka uwarsa ta raine shi: gidan maƙwabci ba wurin zama ba ne. Da maɓallan suka daina faɗuwa da kansu, sai ya fara taimaka musu da almakashi.

Ya sa kwat ɗinsa ya sauka wurin Tullio mai kofi a bakin lungu.

"Ga Farfesa, ga fuskar jana'iza!" in ji Tullio, yana buga kofi a kan kanta. "Kofi, ko in dafa maka ruwan wankin kwanon nan naku da kuke kira shayi?"

"Kofi, don Allah, idan ba damuwa."

"Idan ba damuwa! Ku ji shi. Mutum ya tsufa a lungunmu, har yau yana neman izinin shan abin da zai biya." Tullio ya rage murya, ya nuna sama da haɓa. "Motar kaya ta iso. Da la'asar za su kama hanya. Ka hau?"

"Tana da aiki a gabanta. Ba daidai ba ne in..."

"In takura mata. Na sani, na haddace. Kai, Farfesa, ana so ana kai wa kasuwa. Mu nan ana ce mana masu riƙe baki da aljihu, amma kai ka fi mu. Ko dai ka tanadi furen mamatan naka na bana ne, ka yi mata rakiya da shi?"

Gilbert ya sunkuyar da kai cikin kofinsa. Wannan tsokanar ta tsufa, amma har yanzu tana da haƙora.

A kakarsa ta farko a garin, ƙarshen Oktoba kamar yanzu, ya shiga kasuwa ya ga ta cika da wani fure rawaya mai cukus ɗin kai, kirisantemo, irin wanda uwarsa take dasawa a ƙofar gida don ado. Zuciyarsa ta yi tsalle. Ya sayi dami guda, ya ɗaure a igiya, ya ja zuwa tagar Ornella. Ta leƙo, ta ga furen, sai hawaye. Ta rungume damin ta ce, "Duk lungun nan babu wanda ya tuna da Amedeo sai kai da ba ka taɓa ganinsa ba." Washegari ta sa baƙaƙen kaya ta kai furen kabarin mijinta. A ranar ne Tullio ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, ya gaya masa cewa a ƙasar nan ba a ba mai rai wannan fure, na ranar ziyarar maƙabarta ne. To, ta ina zai fara gyarawa? Ya ce wa matar da ta yi kuka don godiya ai ba haka yake nufi ba? Shekara ta zagayo, ya ga za ta zuba ido, ya sake saya. Haka abin ya zama al'ada. Duk shekara yana aika wa Amedeo fure, mutumin da a ɓoye yake kishi da shi.

Ya ajiye kofin ya fita ba sallama. Tullio ya bi shi da murya: "Matakala ba ta cizo, Farfesa!"

Kasuwa ta yi rawaya daga ƙofa har ƙarshe. Mai furen tana hango shi ta kai hannu ga damin da ya saba.

"Na kullum, Farfesa?"

"A'a. Wardi nake so. Jajaye."

Ta tsaya da hannu a sama. "Jajaye? Wa ya tashi daga kabari?"

Ya ji kunnuwansa sun ɗau zafi. Ya karɓa ya rungume su a ƙirji, ya ratsa lunguna yana ba kowa haƙuri, har da waɗanda suka bangaje shi. Yana tafe yana tsara magana a zuci, da Italiyancinsa mai tsabta irin na littafi wanda har yau yake sa masu kifi murmushi. Zai ce mata tagarta ce agogonsa. Zai ce mata bai taɓa sanin Genova ba sai ta wannan taga. Zai ce, zauna, kada ki tafi.

Ƙofar gidansu a buɗe take, an tokare ta da kwali. Bai taɓa taka wannan matakala ba. Ta fi tasa duhu, tana ƙamshin sabulu da tafarnuwa, kuma abin da ya fi ci masa rai shi ne gajartarta. Kafin ya gama maimaita jimlarsa ta farko har ya iso. Masu ɗaukar kaya biyu suka raɓa shi da keken ɗinki, ya manne a bango yana cewa su yi haƙuri.

Ornella tana tsaye a tsakiyar ɗaki, gashinta ɗaure da ɗankwali, tana naɗe faranti a jarida. A kusa ta fi yadda ya zata ƙanƙanta. Akwai ɗan tabo a gefen girarta wanda faɗin lungu ya ɓoye masa duk tsawon shekarun nan.

"Ikon Allah," ta ce. "Ashe kana da ƙafafu, Farfesa. Ni daga ƙugu zuwa sama kawai na san ka."

"Sinyora, ki gafarce ni, na san kina da..."

"Ka riga ka takura mini, shigo. Babu kujera, sun sauke su." Idonta ya sauka kan furen, hannunta ya daina naɗi. "Wannan ba na Amedeo ba ne."

"A'a." Duk jimlolin da ya tsara suka watse kamar tattabarun dandali. "Na farkon ma... wancan na farkon, ba nasa ba ne. Naki ne. Ban san al'adar ba. A wurinmu fure ne kawai."

Ya jira mamaki. Ya jira fushi, ko kuka. Ornella ta ajiye farantin a hankali cikin kwali.

"Na sani," ta ce.

"Kin sani?"

"Haba, Jilberto," ta ce, tana lanƙwasa sunansa irin na harshensu. " Ka gaya wa Tullio abu, ka ce ban sani ba? Kafin in dawo daga maƙabarta har mai kifi ya ji. Na yi dariya a ranar, irin wadda ban yi ba tun da aka binne Amedeo. Na ce a raina, bawan Allah, bari shekara ta zagayo, zai kawo wani iri. Har riga na ɗinka, shuɗiya." Ta ɗaga kafaɗa. "Shekara ta zagayo, sai ga rawaya a igiya. Wata shekarar ta zagayo, rawaya. Sai na ce, to, wataƙila ya sake tunani ne. Wataƙila da ya dube ni da kyau, matar mamaci ya gani."

"Kunya na ji. Kin yi kuka a ranar. Na ga kamar in na gyara, na ƙwace miki wani abu ne."

"Ni kuma fa? Sau nawa na ce taliya ta yi mini yawa? Kana tsammani ban iya awo ba ne? Mace mai zaman kanta ita kaɗai, kowace Lahadi tana dafa na mutum biyu? A nan, namijin da yake nufin abu, ta matakala yake kawo shi. Igiya ta wanki ce."

Daga ƙasa wani ya danna ƙahon mota. Gilbert ya dubi kwalayen, ya dubi farin wurin da ke bango.

"Zauna," ya ce. Kalmar ta fito ita kaɗai, babu don Allah, babu idan ba damuwa.

Ta rufe ido. Da ta buɗe, sun cika da ruwa, amma tana murmushi.

"Ka ji yadda ta yi daɗi a bakinka? Da watan jiya ka faɗe ta, lokacin da kake yaba mini Trieste, wallahi da sai Loredana ta nemi mai raino. Na tsaya a tagar nan ina jira. Yanzu na sa hannu na ba da gidan, masu shi za su mai da shi masaukin 'yan yawon buɗe ido. 'Yata kuma ta gyara mini ɗaki, tana ta ƙirga kwanaki da jarirai biyu a hannu. Ba zan yi mata haka ba."

Ta karɓi wardin daga hannunsa, ta nutsa fuskarta a ciki, ta daɗe a haka. Sannan ta cika wata tsohuwar kwalba da ruwa ta tsoma su.

"A cinyata za su yi tafiyar nan," ta ce. "Ina da roƙo ɗaya. Ranar ziyara ta kusa, ni kuma ina nesa. Amedeo ya saba da furenka. Yana can ɓangaren sama, kusa da itatuwan nan dogaye, mai gadi zai nuna maka."

"Zan kai masa."

"Na san za ka kai." Ta miƙe a kan yatsun ƙafa ta sumbace shi a kumatu biyu, yadda ake yi wa kowa, sai dai a na biyun ta ɗan jima. "Je ka yanzu. Ba na son ka ga ina kulle ƙofa. Kuma ka tsaya a tagarka, mai gida ya ce in cire igiyar."

Ya sauka, ya tsallaka lungun da taku kaɗan, ya hau nasa benen. Tullio yana bakin ƙofarsa da tsumma a kafaɗa. Ya dubi fuskar Gilbert, ya juya ya koma kan kantarsa.

Rana ta karkata lokacin da ta fito taga da babban almakashinta na yanka yadi. Ta ɗaga masa hannu, shi ma ya ɗaga, kamar kowace safiya. Sai ta yanke. Igiyar ta faɗo ta bugi bangon gidansa, rigar tana lilo a ƙarshenta. Tagar can ta rufe. Ya ji ƙarar motar tana ja da baya a hankali, tana neman hanyar fita daga lungun, har ƙarar ta ɓace cikin hayaniyar tashar jiragen ruwa.

Ya jawo igiyar hannu bayan hannu. Ta yi nauyi, ba ta kuma yi kukan da ta saba ba. Rigar ta bushe, an ɗaure ta tam don kada ta faɗi. Ya lalubi wuyanta.

Babu maɓalli. A gurbinsa allura ce a soke, an riga an zura mata farin zare, dogo, an ƙulla ƙarshensa, don ta san idonsa ba ya ganin kafar allura yanzu.

Gilbert ya zauna a bakin gado da rigar a cinyarsa. Can ya miƙa hannu ya jawo gwangwanin shayin, ya zazzage maɓallan a kan bargo, ya shiga neman wanda ya dace.