Ganyen da Reinhild Ta Tsinko

Ran ɗaya ga Mayu duk mai ƙafa a ƙauyen yakan hau tudu, kuma Reinhild ta rantse bana sai yayarta Gundula ta hau. Tun da aka binne Ottmar, mijin Gundula, a tsakiyar hunturu, matar ko bakin ƙofa ba ta leƙa ba. Ita kuwa Reinhild irin mutanen nan ce da ba sa jin a'a. In ta kafe a kan abu, gara ka ɗauko takalminka tun da mutunci.

Suka bi matakalar dutsen da ta ratsa gonakin inabi. Kurangar duk ta fara tofo, kogin Mosel yana ta ƙanƙancewa a ƙasansu. Gundula na tafe tana dogara sanda, tana tsayawa saboda ciwon zuciyarta. Da suka shiga kurmin da ke saman tudun, ƙamshin tafarnuwar daji ya tare su, ganyenta ya lulluɓe ƙasa har bakin makiyaya.

"Yaya, zauna ki huta. Yau za ki ci burodi irin na Mama."

"Ke dai ba kya gajiya da shisshigi," in ji Gundula, amma ta zauna a kan kututture.

Reinhild ta duƙa tana tsinka yadda uwarsu ta koya musu: a murza ganye da yatsu, a shinshina, in ya yi tafarnuwa a jefa a jaka. Ta bi ganyen har inda kurmi ya haɗu da ciyawa, can ya fi kauri da kyau. Ta dawo ta yayyanka wani da ƙaramar wuƙa, ta cuɗa da man shanu, ta shafa a yanka biyu na baƙin burodi. Ta miƙa wa yayarta ɗaya, ta juya baya ta ci nata a tsaye, don Gundula ta tsani a zuba mata ido. Da ta waiwayo, hannun Gundula babu komai, tana kakkaɓe siket. Daɗi ya kama Reinhild har ta fara 'yar waƙa.

Tana cikin gyara sauran ganyen don su kai gida sai wani ya tsaya mata a hannu. Ya fi sauran tauri, yana sheƙi gaba da baya, kuma ba shi da siririn kara nasa na kansa. Ta murza, ta shinshina: tafarnuwa. Ta tono jakar, ga irinsa nan, ga wani kuma. Sai ta tsinki ciyawa, ciyawa kawai, ta murza ta kai hanci. Ita ma tafarnuwa.

Ashe tun ganyen farko, yatsunta take shinshinawa.

Ta san wannan ganye. Na furen nan ne mai ruwan hoda da ke fitowa a makiyaya da kaka, wanda shanu ma ke kauce masa. Gubarsa ba ta nuna kanta da wuri. Mutum zai yi ta yawo da ƙafarsa rabin yini kafin ciki ya juya, kuma ba kowa ke tashi ba. Nawa ne ya shiga man shanun? Ba ta sani ba, ta yanka su tare. Ta dubi yayarta da ke zaune rana na dukan furfurarta. Ita ta fito da matar nan daga gida da ƙarfin tsiya, ita ta miƙa mata da hannunta. Garin neman gira za a rasa ido.

Ta zaro waya, babu sabis ko ɗigo. Sai an sauka wajen ƙaramin cocin da ke gindin gonaki ake samu. In kuma ta faɗa mata a nan, wa ya san abin da zuciyar Gundula za ta yi a kan wannan matakala?

"Yaya, tashi mu sauka. Hadari na zuwa."

Gundula ta ɗaga kai ta dubi sama, tas take. "Wane hadari? Ke kika jawo ni, yanzu kuma kina kora ta kamar akuya."

"Don Allah ki tashi."

Suka kama saukowa. Reinhild na gaba, tana waiwaye kowane taku, tana karanta fuskar yayarta. Leɓen nan dama haka yake fari? Gumin nan na rana ne? Can nesa ana jin wasu matasa suna waƙa da kwalabensu, amma sun yi nisan da ihu ba zai kai ba.

Sun kusa cocin kenan Gundula ta tsaya cak. Sandar ta suɓuce ta gangara cikin kuranga. Ta dafe ciki, ta sulale ta zauna a kan matakala.

"Jiri nake ji, Reinhild."

Nan fa abin da Reinhild ke riƙewa ya ƙwace. Ta durƙusa ta kama kafaɗunta tana kuka. "Yaya, na kashe ki! Guba na ba ki! Ganyen furen kaka ne a cikin burodin, ban gane ba. Sa yatsa ki yi amai, yi sauri, Yaya!"

Gundula ta dube ta. Sannan ta sa hannu a aljihun rigar sanyinta, ta fito da hankici a naɗe, ta warware. Burodin ne, ko gutsura ba a yi ba.

"Ban ci ba. Tun da Ottmar ya tafi abinci ba ya wuce mini nan." Ta taɓa maƙogwaronta. "Na ɓoye ne don kada ki ishe ni da surutu. Jirin na yunwa ne."

Reinhild ta zube a kan dutse, tana dariya tana hawaye, tana ta sumbatar hannun yayarta. Amma Gundula ba ta yi dariya ba. Ta janye hannun, ta tallabo haɓar ƙanwarta.

"Ke fa? Ina naki?"

Wallahi tun daga kurmi har nan, ko sau ɗaya Reinhild ba ta tuna cewa ita ta cinye nata ba. Sai yanzu ta ji wani ɗan zafi-zafi a bayan harshenta, kuma ba ta san ko na ganyen ne ko na tsoro ba.

Gundula ta miƙe, ba sanda ba komai. Ta fizge wayar, ta damƙi wuyan hannun Reinhild, ta ja ta suka sauka sauran matakalar. A jikin bangon cocin wayar ta kama.

"A turo motar asibiti gindin gonakin inabi, ta wajen coci," in ji Gundula, da muryar da Reinhild ta manta yayarta na da ita. "A'a, ba ni ba ce. Ƙanwata ce. Ku yi sauri, ita kaɗai ta rage mini."